Neman Sunan Hausa Ga Darasin Mulki da Tattalin Arzikin Yanki

Jami'o'i suna ƙara buɗe darussa a fannin da ake kira political economy da Turanci, wato nazarin yadda hukuncin masu iko yake shafar arzikin jama'a, musamman wanda ya shafi yanki guda kamar Afirka ta Yamma, amma har yanzu marubutanmu da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo ba su tsaya a kan suna ɗaya ba. Na sha jin ana cewa "tattalin arzikin siyasa", kuma ban gamsu da shi ba, domin Bahaushe yana jin haka abin da zai faɗo masa a rai shi ne kuɗin kamfe da atamfofin da ake rabawa gab da zaɓe.

Wasu malamai sun juya shi zuwa "siyasar tattalin arziki". Wannan ya fi na farko, sai dai kalmar siyasa a bakin mutanenmu ta riga ta zama ta jam'iyya da takara, alhali fannin ya fi haka faɗi.

A duba abin da ɗalibi zai karanta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, ɗan kasuwar Jibiya da ya saba tsallakawa Maraɗi ya wayi gari hanyarsa ta toshe, farashin shinkafa ya tashi a kasuwanni, masu casar ta gida kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Haka kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya tsayar da manyan motoci a kan iyakar Illela da Ƙonni, aka kuma katse wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar. Tambayar da wannan ilimi yake yi ita ce: wa ya yanke hukuncin, wa ya ci riba, wa ya yi asara? Ke nan magana ce ta mulki da yadda yake juya arzikin jama'a, ko farar hula ne a kan kujera ko soja. Shi ya sa na fifita "mulki" a kan "siyasa".

Sai batun yanki. Ban zaɓi "shiyya" ba, saboda a Najeriya ta riga ta zauna a kan shiyyoyi shida na cikin gida, kamar arewa maso yamma, yayin da "yanki" yake iya haɗa ƙasashe da dama.

Shawarata ita ce a rubuta "Nazarin Mulki da Tattalin Arzikin Yanki" a takardun jami'a, a baki kuma a taƙaita shi zuwa "mulki da arziki". Ina roƙon malamanmu na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da 'yan'uwanmu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai waɗanda suka karanta fannin da Faransanci, su gwada sunan a aji, su faɗa mana ko ɗalibai sun gane shi ba tare da ƙarin bayani ba.