Me kuke karantawa a 'yan kwanakin nan? Ina neman littafin da za mu karanta ni da 'yata

Wata uwa, Jidda

Assalamu alaikum mutanen gida, ya zafi, ya dawami? Shawara na zo nema. Babbar 'yata shekararta 14, tana aji biyu na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, a nan aka haife ta. Hausa a bakinta ras, har da baƙar magana. Amma in kakarta ta sa an rubuto saƙo daga Kano na miƙa mata waya, sai ta riƙa jan kalmomin ɗai-ɗai, can ta gaji ta ce, “Mama, ki ce su turo da murya mana.” Larabci kuwa, kafin ki ce kwabo ta cinye littafi ta ɗauko wani.

Ni kuma karatuna bai wuce littattafan waya ba. Wanda na gama makon jiya na kuɗi ne, an ja mu wata da watanni, ƙarshe dai Alhaji ya gane uwargida ce ta kirki, kishiya ta haukace. Ban ce ban ji daɗinsa ba, sai dai akwai shafukan da ni kaina sai na waiga kafin in karanta, balle in miƙa wa yarinya.

Don Allah me kuke karantawa, wanne kuka gama, ya kuka same shi? Wanne zai dace mu zauna mu karanta tare? Kuma ina ake samu? Ni dai a kantunan littattafan nan ban taɓa cin karo da na Hausa ba.

Ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya ta. Abin da kike nema yana kusa da ke. Tarjamar Alƙur'ani ta marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad take bugawa a nan Madina, Larabci ne da Hausa gefe da gefe. Ta fara da gajerun surorin da ta haddace. Tunda ta san ma'anar tun kafin ta duba, idonta zai yi saurin sabawa da haruffan boko. Ga lada, ga karatu.

Ni yanzu Ar-Rahiƙul Makhtum nake maimaitawa, tarihin Manzon Allah (SAW) na Safiyyur Rahman Mubarakfuri, wanda ya zo na ɗaya a gasar da Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta shirya. Littattafan wayar nan kuwa, shawarata ki rage su.

Tsohon malamin firamare, Makka

Ɗana na Madina ya faɗi alheri, kuma kada gida ya rasa wannan tarjama. Amma na daɗe ina koyar da yara karatu kafin in zo ƙasar nan, zan faɗi abin da na gani. Hausar tarjama tana bin sawun Larabci ne ƙafa da ƙafa, domin amanar ma'ana take tsarewa. Ba irin Hausar da yarinya take ji a kicin ba ce. In kika fara mata da ita, za ta ɗauka Hausa a rubuce darasi ne, ta riƙa yi don kada ki yi faɗa.

'Yata, ki nemi Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, kuma har gobe ban ga wanda ya kama ƙafarsu wajen sa yaro son karatu ba. Ki fara da na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya ƙulla makirci don yaron ya fita a hallaka shi, aku kuma duk lokacin da Musa ya yi shirin fita sai ya tsare shi da labari har gari ya waye. Kin ga kowane labari gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya, ga kuma babban labarin yana jan mutum ya ga ko Musa zai fita.

Wani abin da zai yi wa 'yarki daɗi: Imam ya sha karatun Larabci kafin boko, kuma bai ɓoye cewa ya ɗebo daga littattafan wasu ƙasashe ba, har da Alfu Laila. Ya dai sa musu rigar Hausa ne har ba ka gane baƙi ne. Yarinyar da ta saba da hikayoyin Larabawa za ta riƙa cewa, “Kai, na san wannan!” Ki bar ta ta yi miki wannan alfaharin, shi zai riƙe ta.

Yadda za ku yi shi ne muhimmi. Kada ki miƙa mata ki koma ɗaki. Ke ki karanta da ƙarfi, tana gefenki tana bin layi da ido. Ki canza murya in Waziri ne, ki canza in aku ne. In labari ya kai inda ya fi daɗi, sai ki ce idonki ya gaji, ki ba ta ta ƙarasa sakin layi ɗaya. Za ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, da “c” da “ts”, domin haruffan Turancin makaranta ta sani. Kuma Larabci yana nuna mata inda ake jan wasali, boko ba ya nunawa, sai kunne ya taimaka. To kunnen tana da shi, shi ne jarinta. Kada ki gyara kowane kuskure, in ta ji jimlar ba ta zauna ba da kanta za ta koma.

Ni a watan nan Ruwan Bagaja na sake bi. Da ina yaro rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman dariya kawai yake ba ni. Yanzu da furfura sai na ga su biyun babu na zaɓe wajen mugunta, bakin Alhaji ne kawai muke ji.

Mai aikin gida, Riyad

Ni ba ni da lokacin riƙe littafi, sai dai in sa abin kunne ina guga, in saurari masu karantawa a YouTube. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa na gama ji. Da na ɗauka littafin makaranta ne kawai, ashe ba haka ba. An sace yaro yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe ya tafi da shi, uwar ta bazama nemansa har ita ma aka mai da ita baiwa, aka ƙetara sahara da ita. Sai da ta gan shi a ƙarshe, ba a jima ba ta rasu. Wallahi Anti sai da na ajiye gugar. 'Ya'yana uku suna wajen mahaifiyata a Katsina, ƙaramin a waya ya san fuskata. Kowa yana yabon haƙurin Umar da iliminsa, ni uwar nake gani. Gajere ne, ku karanta, amma ba shi za ku fara da shi ba, yana da nauyi a zuciya.

Haifaffiyar Makka

Khala, ni ce 'yarki shekaru goma da suka wuce. Kakana a ƙafa ya zo ta Sudan, mu duk a nan muka tashi, sai da na girma na koyi rubuta Hausa, shi ya sa za ku ga kuskure. Roƙona ɗaya: kada ki nuna mata kamar Larabcin da take karantawa kishiyar Hausa ce. Mu an yi mana haka, a gida a ce mun zama Larabawa, a waje a ce mana Takari, sai muka tsani maganar gaba ɗaya.

Abin da ya juyo da ni littafin Larabci ne. Riwayar Maimuna ta Mahmud Tarawuri, marubucin nan ƙasar, labarin dangin da suka taso daga Afirka ta Yamma don aikin Hajji suka zauna a Hijaz. Ranar ce na fara ganin irinmu a cikin littafi, na koma ina damun kakata da tambaya. Akwai maganar bauta da wahalar hanya a ciki, ki bari ta ƙara shekara biyu ko uku. Wanda na gama kwanan nan Amaliƙatus Shimal ne na Najib Kilani, likita ɗan Masar, a kan Arewacin Najeriya zamanin Sardauna da juyin mulkin 1966. Larabcinsa mai sauƙi ne. Na karanta wa babana wani wuri ya yi dariya, ya ce wannan Kanon Bamisire ne ya zana ta. Ko wannan gardamar ma riba ce, don ranar ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ki sa ta karanta, ta ba ki labarin da Hausa, ke ki gaya mata inda marubucin ya kauce.

Mai sai da abinci, Jidda

Malam na Madina, a yi mana adalci. Matar da ta wuni a tsaye kan tukunya, in ta kwanta ta buɗe waya ta karanta shafi biyu da harshenta, ba laifi ta yi ba. Haka aka zagi littattafan Kano a shekarun 1990, aka ce suna lalata tarbiyya, yau ga shi ana nazarinsu a jami'a. A na wayar akwai shirme, akwai na batsa, akwai kuma masu kyau. Matsalarsu jan labari: tunda sai an biya ake shiga, labarin da zai ƙare a shafi hamsin sai a kai shi ɗari uku.

Ni na koma kan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Alhaki Kuykuyo Ne na gama, wanda aka fassara da Turanci a 2012. Rabi da 'ya'ya tara, miji ya auro Delu ya kore ta, ta kama sai da abinci ta riƙe yaranta. Kun ga dalilin da ya sa ya shige ni. Amma ƙarshen ya ƙona min rai. Bayan ta tsaya da ƙafarta, shagonsa ya ƙone ya tsiyace, sai a taru a kanta a ce ta koma ta yi jinyarsa?

'Yar'uwa, ga 'yarki kuma akwai Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. Ki fara karantawa ke kaɗai, akwai wurin daren farko da za ki so ki tsallake ko ki yi mata bayani da bakinki.

Direba, Dammam

Hajiya mai abinci, ni kuma ƙarshen nan shi ne ya sa na yarda da littafin. Da marubuciyar ta bar Rabi ta yi kuɗi ta wuce abinta, da ya zama irin na wayar da ake kuka da su. Haka ake yi wa mata a gidajenmu, surukai da 'yan'uwa su taru su yanke, ita ta nuna ne ba ta yaba ba.

Mai sai da abinci, Jidda

Na ji, Malam direba. Amma ku maza kullum “haka ake yi” ya fi muku sauƙin faɗa.

Ɗan Mai Wurno, mazaunin Jidda

Mu Hausawan Sudan wannan matsalar gadonmu ce, da baki muke Hausa, da Larabci muke rubutu. In tana son riwaya, Ursuz Zain na Ɗayyib Salih ya dace da ita, labarin ƙauye ne a bakin Nilu, akwai ban dariya, kuma za ta ga zaman ya yi kama da wanda kakarta take ba ta labari. Mausimul Hijra nasa, na 1966, shi ya fi suna, amma ba na shekarunta ba ne, kada sunan ya ruɗe ki a kanti.

Malamar jinya, Ɗa'if

Ƙarin bayani kaɗan. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, gajerun labarai ne da Hausar yau, kuma ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Ki tace wanda ya dace ku saurara tare. Batun samun littafi kuwa, masu zuwa Umara su ne hanyarmu. Ki sa a sayo miki Magana Jari Ce a Kano ko Zariya, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC. Na san ana yawo da hotunan shafuka a WhatsApp, amma rabi a karkace, wani shafin babu, ga haƙƙin masu shi. Yarinyar da ake lallaɓawa ta so karatu, a ba ta takarda ta riƙe.

Wata uwa, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Makka, shawararka zan bi, daren Juma'a bayan Isha tunda babu makaranta washegari. Malam na Madina, tarjamar tana nan a gida, za mu sa ta bayan Asuba, sura ɗaya gajera. Ƙanwata ta Makka, maganarki ta taɓa ni, na gaya wa yarinyar akwai riwayar Larabci a kan Arewa, har ta ce a nemo mata a bajekolin littattafai na Disamba in ba a samu kafin nan ba. Hajiya mai abinci, ina bayanki a kan Rabi. Saura wa yake da mai tahowa daga Kano?

Tsohon malamin firamare, Makka

Ƙanena yana tafe Umara wata mai kamawa, ta Jidda zai sauka. Zan sa ya sayo duka ukun da Ruwan Bagaja. Ki ba mai gidanki lambata ta hannun shugaban zaure su yi magana. Sai dai ki ja kunnen masu aiko da kuka da daddawa, kada su cika masa jaka kafin littattafan su samu wuri.