Waɗanda aka sa wa ƙarfe mai farin shafe a ƙashi, ku zo mu ji

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda aka taɓa yi wa aikin ƙugu ya taimaka min. Babanmu ne za a canza wa kan ƙashin ƙugu, likita ya ce ba za su sa simintin da likitoci ke manna ƙarfe da ƙashi da shi ba, ƙarfen titaniyam ne da aka shafe da wani abu wai shi haidiroksi'afatait, wai ƙashin ne zai kama shi da kansa. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya wallahi, ba siminti ta yaya abu zai zauna?

Mai Sanda: Wa alaikumus salam, irinsa ne a jikina yanzu haka. Kafin aikin sai da na sa suka nuna min samfurinsa, fari ne fat kamar alli kuma da kaushi in kin shafa. Kalsiyam da fosfet ne, irin sinadarin da ke cikin ƙashinmu da haƙoranmu, shi ya sa ƙashi ba ya gudunsa, bin sa yake yi ya manne. Da farko buga ƙarfen suke ya matse tsam a cikin ƙashin cinya, kamawar gaske kuma sai a hankali, ni dai na sha ciwon cinya a watannin farko ba zan ɓoye miki ba amma da aka ɗau hoto daga baya babu ko ɗan tsakani tsakanin ƙarfen da ƙashin.

Injiniya: Bari in sa baki, a kan wannan shafen na yi bincikena a makaranta. Garin sinadarin ake hurawa cikin wutar filasma da zafinta ya haura digiri 10,000, ya narke ya faɗa kan ƙarfen ya daskare nan take. Kaurinsa yawanci maikiron 50 zuwa 200 ne, wato bai wuce ɗaya bisa biyar na milimita ba. Kuma ba sabon abu ba ne Hajiya, tun 1985 likita Ronald Furlong ya fara sa wa mutane a Ingila, a 1986 aka fito da wani ƙarfen ƙugu mai irin wannan shafen mai suna Corail a Faransa kuma har yau ana amfani da shi. Inda matsalar take, in shafen ya yi kauri da yawa yakan tsage ko ya ɓare, na sha ganin haka da idona a gwaji, a jikin mutum kuwa ɓurɓushin in ya shiga gaɓar sai ya dinga cin robar da ake sawa a cikin sabuwar gaɓar. Ni a ganina yadda aka yi shafen ya fi sunan sinadarin muhimmanci.

Ɗan Autan Mama: Ni karaya na samu a ƙwauri, aka sa min ƙarfen nan na waje mai ƙusoshi, su ma masu shafen ne. Ko ɗaya bai yi girgiɗi ba har na warke, amma ranar cirewa fa hmmm, ƙashin ya riƙe su gam, likita na murɗawa ina salati.

Nas: Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa. Uwar Biyu shekarun Baba nawa? Don a ɗakin tiyatarmu in tsoho ne sosai ƙashinsa ya yi sakwaf, musamman in faɗuwa ya yi ƙugun ya karye, siminti likitoci suka fi sawa, saboda wajen buga ƙarfen marar siminti, ƙashi mai rauni yana iya tsagewa. Kuma kar a ɗauka shafen na hana ƙwayoyin cuta, ba ya hanawa, kula da ciwon yana nan daram.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bai kai 60 ba, kuma ba faɗuwa ya yi ba, gaɓar ce ta cinye. Zan tambayi likitan batun ƙarfin ƙashin in mun koma. Mai Sanda don Allah kai yaushe suka bar ka ka fara taka ƙafar?