Ina so in rabu da gahawa kafin azumi, amma ciwon kai yana mayar da ni

Telan Fagge

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta abin da suka gani a jikinsu. Sana'ata ɗinki ce, kuma na daɗe da sabawa da gahawa domin in iya raba dare a kan keke. Da safe mai shayin bakin layinmu yana zuba mini cokali biyu na garinta a cikin shayin madara, bayan la'asar in ƙara, idan kuma aiki ya taru sai in sake haɗa wata bayan isha'i, sau da yawa baƙa wuluk, ba madara ba sukari. A tsakanin waɗannan ba a raba aljihuna da ɓarin goro.

Yanzu jikina ya fara nuna mini cewa abin ya yi yawa. Hannuna yana rawa idan zan zura zare a allura, ƙirjina yakan buga da ƙarfi alhali ina zaune, ƙwannafi yana damuna, barci kuma ba ya ɗaukata sai gab da asuba ko da na kwanta da wuri. Amma duk ranar da na ƙi sha, washegari sai in tashi da ciwon kai daga goshi har ƙeya, ga kasala, ga saurin fushi da yaran shago a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma da zarar na sha sai komai ya lafa.

Shin wannan ciwon kai alamar wata cuta ce, ko rashin gahawar ne kawai? Yanke ta lokaci guda ya fi, ko ragewa a hankali? Abin da ya fi damuna shi ne azumi yana matsowa, kuma kowa ya san watan azumi ne lokacin da tela ya fi buƙatar idonsa biyu saboda ɗinkin Sallah.

Mai Harhaɗa Magunguna

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana sananne ne a wurin likitoci, har ma tun shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wahalar barin kafeyin cikin jerin matsalolin da ake tantancewa a asibiti. Kafeyin shi ne sinadarin da ke aiki a cikin gahawa da shayi da goro. A duk tsawon lokacin da mutum yake farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ne yake sanar da jiki cewa an gaji, lokacin hutu ya yi. Kafeyin yana zuwa ne ya tare gurbin da adinosin yake sauka, sai saƙon gajiyar ya kasa isa, amma gajiyar kanta tana nan ba ta je ko'ina ba. Gahawa ba ta biyan bashin barci, ranar biya kawai take ɗagawa.

Idan aka daɗe a haka, jiki yakan daidaita kansa da zuwan kafeyin kullum. Ɗaya daga cikin ayyukan kafeyin shi ne tsuke hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, saboda haka ranar da bai zo ba sai su buɗe, jini ya ƙaru a cikinsu, daga nan ciwon kan yake tasowa. Wani nazari da Juliano da Griffiths suka wallafa a 2004, inda suka tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa alamomin sukan fara tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su yi tsanani a kwana na ɗaya zuwa na biyu, su wuce cikin kwana 2 zuwa 9, kuma kusan rabin masu bari suna samun ciwon kai. Tafiyarsa da zarar ka sha ita ce babbar shaidar cewa naka na wannan jinsin ne.

Ga lissafin da nake so ka yi da kanka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Turai duk sun tsaya a kan miligiram 400 a rana ga baligi mai lafiya. Cokalin shayi ɗaya na garin gahawa, idan an cika shi da tozo, yana ɗauke da kusan miligiram 60, kuma yawancin masu shayi hannunsu ba ya tsayawa a kan ƙaramin cokali. Ka ɗora ganyen shayin da ake dafa maka ita a ciki, wanda shi ma kofi ɗaya yana kai miligiram 40 ko fiye, sannan ka ɗora goro. Ba na shakkar ka wuce iyakar a ranakun da kake sha sau uku. Matsalar barcinka kuma tana da bayani: jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabin abin da aka sha, wato wanda ya sha da ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu za ta same shi da rabinsa a jini.

Shawarata ita ce ragewa a hankali, tun da sana'arka ba ta ba ka damar kwanciya jinya. Ka fara da cire ta bayan isha'i, domin ita ce ta fi cutar da kai, kuma idan barcin dare ya gyaru buƙatar ta safe za ta ragu da kanta. Bayan 'yan kwanaki ka mayar da ta la'asar cokali ɗaya, sannan rabi, sannan ka bar ta, ta safe ita ce ta ƙarshe. Mako uku zuwa huɗu ya isa, don haka farkon Sha'aban ne lokacin farawa. Mutane da yawa da suke kuka da ciwon kai a ranar farko da ta biyu ta azumi suna ɗora laifin a kan yunwa, alhali a wurin wasunsu rashin shayin safe da goron hantsi ne.

Ka kula da abu ɗaya da nake gani a kanti kullum. Wasu magungunan ciwon kai suna ɗauke da kafeyin, misali ƙwaya ɗaya ta Panadol Extra tana da miligiram 65, kuma akwai irinsa a wasu magungunan gari da ake sayarwa a ƙunshi. Wanda ya bar gahawa ya koma haɗiyar waɗannan safe da yamma, an gudu ne ba a tsira ba. Ka karanta jikin kwali, ka nemi farasitamol zalla, shi ma kada ya zama na kullum. Game da bugun ƙirjin kuwa, ina roƙonka ka je a auna hawan jininka da bugun zuciyarka tun yanzu, kada ka jira ka ga ko zai tafi.

Dattijon Mariri

Ɗana, ni goro nake sayarwa tun ina saurayi, kuma ba zan zo nan in ɓata abin da nake ci da iyalina da shi ba, amma gaskiya ɗaya ce. Bayanin Malama daidai ne, abin da ke cikin gahawarka shi ne ke cikin goron aljihunka. Kakanninmu da suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna har kasuwar Salaga domin su ɗauko shi sun san yana kashe barci, yana danne yunwa da ƙishirwa, shi ya sa fatake da masu gadi da masu karatun dare suka riƙe shi. Saboda haka kada ka ce ka bar gahawa sannan ka ninka goro, domin na ga masu yin haka a bakin rumfata, sai ka ga mai sayen biyu ya koma sayen biyar yana murna ya rabu da abin Bature.

Inda na ɗan saɓa da masu cewa a bari gaba ɗaya shi ne, ba kowa ne yake buƙatar haka ba. Ni da shekaru suka ja, likita ya ce jinina yana hawa, ban bar goro ba, lokaci na yanka masa. Ɓari ɗaya bayan karin kumallo, ɓari ɗaya da hantsi, idan an kira azahar kuma na rufe wannan babi sai gobe. Ba na cinsa da wofin ciki, domin shi ne yake tayar da ƙwannafin da kake faɗa. Idan an miƙo mini a wurin ɗaurin aure ko suna da yamma, ina karɓa da hannu biyu in yi godiya in sa a aljihu, babu wanda ya taɓa jin na raina shi. Ka cire shi daga aljihun rigar da kake ɗinki da ita, ka ajiye a gida cikin ganyensa, domin hannu yana kaiwa ga abin da ke kusa ko da rai bai nema ba.

Ɗan Damagaram

Yayana, ina so in taɓo wani gefe da ba a ambata ba. A wurinmu gahawa ba ta kai shayi karɓuwa ba, wato ɗanyen ganyen nan na Sin da ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi a fada, a yi ta juya shi tsakanin ƙananan kofuna har kumfa ta tashi, a sha na fari da na biyu da na uku. Na farin nan, mai ɗaci da kauri, ya isa ya hana mutum barci har kiran sallar farko. Lokacin da na so ragewa, ciwon kai bai dame ni ba kamar zaman kansa, domin yaya mutum zai zauna cikin abokai ana miƙa kofi shi hannunsa wofi? Sai na ce a riƙa tsallake ni a na fari da na biyu, a ba ni na uku wanda ganyen ya riga ya saki ƙarfinsa, daga baya kuma na fara zuwa da na'ana'a da citta ana dafa mini daban.

Ina ganin kai ma rabin abin da kake nema wurin mai shayi bayan la'asar shi ne tashi daga kan keke, miƙe baya, da riƙe abu mai zafi. Kada ka daina zuwa. Ka ce ya dafa maka citta da kanumfari ba tare da ya jefa ganyen shayi ba, ya zuba madara yadda ka saba. Zoɓo da kunun gyaɗa da kunun aya duk babu kafeyin a cikinsu. Abin da zan hana ka shi ne lemukan ƙara kuzari da samari suke sha yanzu, domin kafeyin ne da sukari mai yawa.

Mai Ɗinkin Mata

Abokin sana'a, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin ni ma a kan keke nake kwana. Duk dabarun da aka ba ka za su rushe a goman ƙarshe idan ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin hannunka da na yaranka. Mu teloli muna jin nauyin cewa a'a, musamman ga tsohon mai kawo aiki ko ɗan'uwa, sai mu tara shadda da atamfa har rufi, sannan mu nemi gahawa ta cika mana alkawarin da muka ɗauka. Ni yanzu ina lissafa abin da muke iya gamawa a yini, in rubuta ranar rufe karɓar ɗinki a ƙofar shago tun kafin a ga wata, wanda ya zo bayanta in nuna masa wani telan. Kuɗin da na rasa bai kai na yadin mutane da na taɓa gani an ɓata da almakashi saboda magagin barci ba.

Ga 'yan'uwana mata da ke karantawa, mai juna biyu iyakarta miligiram 200 ce a rana bisa shawarar hukumar lafiya ta Ingila, kuma kafeyin yana daɗewa a jikinta fiye da na sauran mutane, goron kwaɗayi ma yana cikin lissafi.

Telan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganar aljihu, Hajiya kuma maganarki ta shige ni. Malama, saura tambaya ɗaya: idan azumi ya kama ban kai ga yankewa gaba ɗaya ba, ɗan abin da ya rage da sahur ya kamata in sha ko da buɗe-baki?

Mai Harhaɗa Magunguna

Amsar tana rataye ne da lokacin da kake yin babban barcinka, Malam. Idan kana cikin telolin da suke aiki bayan tarawihi har sahur, sannan su kwanta bayan sallar asuba, to kada ka sha da sahur, domin za ka lalata barcin da shi kaɗai ka mallaka. Ka sha rabin cokali bayan buɗe-baki, bayan abinci ya zauna a ciki saboda ƙwannafin, ta yadda kafin asuba yawancinsa ya fita. Idan kuwa kana kwanciya da daddare ka buɗe shago da sassafe, sahur ne lokacinsa, tare da abinci da isasshen ruwa, ka bar dare babu komai. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kan awo ɗaya da lokaci ɗaya kullum, domin sha yau a bari gobe shi ne yake dawo da ciwon kan, kuma ka auna da cokalinka a gida maimakon ka bar wa mai shayi. Idan ka je awon jinin, ka faɗa wa likita adadin gahawa da goron da kake sha ba tare da ragewa ba, ka kuma ambaci rawar hannun, domin akwai cutar wani ƙullu da ke gaban wuya, wanda likitoci ke kira thyroid, da take kawo rawar hannu da bugun zuciya da rashin barci a tare, kuma gwajin jini ne yake bambance ta da aikin kafeyin.