Wai da gaske ana biyan kuɗi a shiga teku don kallon tsuntsaye?

Ɗan Kirikasamma:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana da ke karatu a Ingila ne ya turo min bidiyo, wai shi da abokansa sun shiga jirgin ruwa daga wani ɗan gari Seahouses zuwa tsibiran Farne, ba komai suka je yi ba sai kallon tsuntsaye, kuma da kuɗinsu, har da ɗan jagora mai yi musu bayani. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma wallahi, tsuntsaye sun rufe dutse kaf, akwai wani mai baki ja da ɗorawa kamar aku ya jera ƙananan kifi a bakinsa yana tafiya a gaban mutane ko gezau. Tambayata ita ce me ake saya da kuɗin nan, kuma mu da muke da fadamar Baturiya mai tara tsuntsaye a kusa da mu me ya hana mu irin wannan?

Malamin Firamare Hadeja:
Wa alaikumus salam ƙanina. Da gaske ne. Mai bakin akun nan fafin ake ce masa, rayuwarsa duk a tsakiyar teku take, ba ya hawa tudu sai zai yi ƙwai, daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, ya haƙa rami kamar gafiya ya saka ƙwai ɗaya tak a shekara. Toh kaga in ka rasa watannin nan sai baɗi, shi ya sa ake rububin tikiti. Kuma tsibiri suke zaɓa saboda babu ɓera babu kyanwa babu dila da zai cinye ƙwan.
A Skotland akwai wani tsibirin dutse Bass Rock, kafin murar tsuntsaye ta 2022 ana lissafa wani tsuntsun teku ganet wajen 150,000 a kansa, daga nesa dutsen fari fat kamar an shafa masa farar ƙasa, tsuntsaye ne da kashinsu. Murar ta yi musu ɓarna sosai, su Farne ɗin ma an hana sauka a kansu a 2022 da 2023. A tsibirin Skomer kuma can Wales mutum 250 kawai ake bari su sauka a rana, kuma ba ka isa ka sauka daga kan hanya ba don kar ka rufta ramin ƙwai. Ni a ganina abin da ake saya kenan, tsuntsu ya saki jiki da mutum saboda an daɗe ba a taɓa shi, sai kuma ilimin ɗan jagora da zai ce maka wannan waye, daga ina ya zo, yaushe zai tafi. Ka tambayi yayanka ko bai sa hula ba, don akwai wasu farare masu kai sara a ka in ka matso kusa da sheƙarsu.

Baba Mai Shinkafa, Auyo:
Malam na ji bayaninka amma ni dai in aka ce tsuntsu gabana faɗuwa yake. Bara janbaki suka sauko min a gona shinkafa ta fara nuna, ni da yara tun asuba muna kaɗa gwangwani muna ihu har murya ta dishe, abin da na sa rai buhu ashirin ko goma ban ɗauka ba. Kuma a cikin ciyawar kachala suke kwana, kachalar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun da aka yi madatsun ruwan Tiga da Challawa ruwa ya daina zuwa yadda muka sani. Duk wanda zai zo da maganar tsuntsu ya fara da wannan tukuna.

Malamin Firamare Hadeja:
Allah ya mayar da alheri Baba, gaskiyarka ce kuma ba wanda zai ce a bar janbaki. Amma dinya da kirinjijiya da zalɓe da agwagin Turai masu zuwa da sanyi ba su ne suka ci maka gona ba, su ma kachalar ce take cinye musu fili.

Mai Kwalekwale:
Ni na taɓa ɗaukar masu kallon nan, ba labari aka ba ni ba. Da hunturu ne, mutum huɗu, biyu Turawa biyu ƴan Jos masu karatun tsuntsaye, muka fita ana kiran assalatu hazo ko gabanka ba ka gani. Suka ce kar in buga filafili da ƙarfi, a hankali nake turawa da gora. Ɗaya ta miƙo min madubin hangen nesa ta nuna min wani ɗan agwagwa mai farin layi a saman ido, ta ce daga Turai ya taso ya tsallako Sahara. Shekara talatin ina ganinsa ban san baƙo ba ne. Ni kuma na faɗa musu inda dinya ke kwana da lokacin da gauraka ke fitowa a da, yanzu ganinta ya yi wuya, suna ta rubutawa a littafi. Muna cikin haka wasu samari suka saki bindigar toka daga can gefe, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, shikenan ranar ta lalace, na ji kunya ba kaɗan ba. Amma abin da suka ba ni ya fi kifin sati ɗaya.
Ɗana, tsuntsu muna da shi, Baturiya tun 2008 tana cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya da ake kira Ramsar, fadamar tsuntsaye ta Dagona a Yobe kuma har mijin Sarauniyar Ingila Yarima Philip ya zo a 1989. Abin da babu shi ne masauki mai kyau da hanya, da kuma a zauna da mafarauta da masu unguwa a ware wani ɓangare a ce nan ba harbi.

Ɗan Kirikasamma:
Na gode iyayena. Malam, yayana ya ce ƙwarai an sare shi a ka har sau biyu duk da hular. Baba Mai Kwalekwale dan Allah in Disamba ta yi zan zo ka fita da ni, na riga na roƙi yaya ya taho min da madubin hangen nesa ko na hannu ne, ina so in fara rubuta sunayensu na Hausa daga bakinka.

Mai Kwalekwale:
Allah ya kai mu. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, kuma ka kwana a gidana don kafin rana ta fito za mu kama hanya.