Wai ana kayar da mai ci a ƙasar nan?

Abu Ɗanliti: Ni fa wallahi na daina ɓata ƙuri'ata, ɗan majalisarmu ko rijiya ɗaya bai haƙa mana ba kuma gobe ma shi za a sanar, don a ƙasar nan ba a kayar da mai ci, kuɗi na hannunsa jami'an tsaro na hannunsa, to me ya rage?

Maman Ilham: Kai 2015 kana ina? Jonathan yana kan kujera Buhari ya kayar da shi har ya buga waya ya taya shi murna. Ko 2023 ma Dauda Lawal ya yi waje da Matawalle a Zamfara.

Ɗan Gusau: Hajiya gyara zancenki, Matawalle ai ba mai ci ba ne. 2019 APC ce ta ci, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta kan rikicin fidda gwani aka miƙa masa. Wanda bai ci zaɓe ba ta ina ya zama mai ci?

Barista Sani: Malam duk wanda aka rantsar yana riƙe da ofis shi ne mai ci, ko akwati ya kawo shi ko kotu ko mutuwa. Ramalan Yero gadar Yakowa ya yi a 2012, amma shi ke sa hannu a kasafin Kaduna har El-Rufa'i ya kayar da shi.

Ɗan Gusau: Wannan riƙo ya yi.

Barista Sani: Riƙo da rantsuwa da jiniya?

Na Malam: Ku bar wahalar da kanku, ku zo Kano, 2003 Malam Shekarau daga aikin gwamnati ya fito ya tika Kwankwaso da ƙasa yana gwamna.

Jar Hula: Wa ya tika? 2011 da Madugu ya dawo ina naku ɗan takarar ya shiga? Ku dai baƙin ciki zai kashe ku.

Na Malam: Yaro je ka tambayi babanka.

Jar Hula: Kar ka sake ka sako babana.

Abu Ɗanliti: Jama'a ni fa maganar ruwa nake yi.

Admin: To an rufe. Abin da aka cimma dai shi ne mai ci yana faɗuwa amma jagora na gaskiya dawowa yake kamar yadda aka gani a Kano 2011. Na Malam an cire ka na kwana biyu saboda zagi.