Wai da gaske ana mayar da zaki dajin da ya ƙare a cikinsa?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, wai da gaske akwai ƙasashen da gwamnati da kanta take kashe kuɗi ta sayo zaki ko kyarkeci ta sake su a dajin da aka riga aka karkashe su? To amfanin me? Kuma zai yiwu a namu Falgore?

Malam na Doguwa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ƙanina. A Amurka akwai dajin Yellowstone, tun wajen 1926 suka gama da kyarkecinsu, sai wasu manya-manyan bareyi suka yi yawa ba mai taɓa su, suna cinye ƙananan itatuwan bakin rafi tun ba su tasa ba. A 1995 aka kawo kyarkeci 14 daga Kanada, shekara ta zagayo aka ƙaro 17, bareyin suka ragu, a wasu wuraren itatuwa suka farfaɗo. Amma wanda ya fi kama da namu na Ruwanda ne, dajin Akagera. Bayan kisan kiyashin 1994 mutane suka dawo da shanunsu cikin dajin, zaki na kama saniya su kuma suna zuba guba a mushe har zaki ya ƙare kaf. Sai 2015 aka kawo guda 7 daga Afirka ta Kudu, yanzu sun haura 50.

Baffa Mai Shanu:
Malam ka faɗi mai daɗin ka bar ɗayan. In ya kashe min saniya wa zai biya? Mu da ɓarayin shanu ma ba su bar mu mun huta a dajin nan ba sai kuma a ƙaro mana zaki, haba. Kuma me zai ci, ina gwankin ina gadar, mafarauta sun share su tuntuni, ai kan garke zai faɗo kawai.

Malam na Doguwa:
Baffa wallahi ban ƙi taka ba. Su can Ruwanda kafin zakin ya iso sai da suka ja waya mai lantarki ta kusan kilomita 120 tsakanin dajin da ƙauyuka, ga asusun biyan diyya in dabba ta yi ɓarna, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido mutanen kewaye ake yi wa aiki da shi. Mu fa? Yankari da Kainji ne kaɗai suka rage da zaki a Najeriya, su ma 'yan tsiraru, waɗannan ya kamata a fara riƙewa.

Yaya Hajara daga Haɗeja:
Ni dai in za a kawo wanda zai rage mana birai a gona ina so, amma yara ke zuwa itace fa. Mu nan Baturiya a fara hana sare bishiyoyi tukuna.

Baffa Mai Shanu:
Waya mai lantarki? Malam, yaushe rabon garinku da wuta?