Wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi: haƙƙi ne ko gargaɗi?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kawo muku wata magana da ta hana mu sakat a wurin aiki tun ranar Litinin. A kamfanin sufurin da nake yi wa aiki a nan Damagaram, shugaban sashen gyaran motoci ya yi ritaya, kuma kowa ya sa rai cewa babban bakanikenmu, wanda ya shekara 17 a garejin, shi za a ba kujerar. Sai ga takarda daga Yamai ɗauke da sunan wani matashi da bai wuce shekara 5 a wurin ba, wanda shi dattijon ne ya koya masa yadda ake sauraron kukan inji. Da matashin ya je gaishe shi da safe, dattijon bai ko ɗago kai daga cikin motar ba, ya ce masa: "Yaro, wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi." Matashin ya ɗauke ta barazana, har ya daina shan shayin garejin. Direbobi sun ce kukan zalunci ne, ni kuwa a kunnena ta yi kama da nasiha. Me dattijon yake nufi, kuma ko wannan karin magana tana da hurumi a sha'anin ƙarin girma?

Baban Hadiza:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar ba ta da wani lungu. Dattijon yana tuna wa yaron ne cewa layi ake bi, kuma wanda ya fara shan wahala shi ya kamata ya fara cin moriya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Idan kamfani ya saba tsallake tsofaffin ma'aikata, to yana koya musu ne su riƙa ɓoye iliminsu, domin babu mai wasa wuƙar da za a yanka shi da ita.

Malam na Zango:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Karin maganar labari take bayarwa game da wayo da gogewa, ba ta yanke hukuncin rabon kujera ba. Cewa take yi na gaba ya riga ka sanin dabarar da kake taƙama da ita, shi ke nan. Da shekaru ne ma'aunin shugabanci, da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ɗora Usama ɗan Zaidu a kan runduna ba a shekara ta 11 bayan hijira, alhali yana saurayi, kuma a cikin rundunar akwai manyan sahabbai irin su Umar. Mutane sun yi ƙorafi a lokacin kamar yadda direbobinku suke yi yanzu, aka tabbatar da naɗin, kuma da Abubakar ya zama halifa ya ƙi sauya shi.

Tsohon Ajidan:
Allah ya gafarta Malam, ku ba soja fili, domin mu da wannan karin magana muke kwana muke tashi. Tsarin da sojanmu ya gada daga Faransa ya san hanya biyu ta samun galo, wato alamar ƙarin girma a kafaɗa: akwai ta shekarun aiki, wadda idan lokacinka ya cika kuma ba ka da laifi za ta zo maka, akwai kuma ta zaɓi, wadda manyanka ne suke duba takardunka su sa sunanka a jerin waɗanda za a ɗaga. Gwargwadon yadda mutum yake hawa sama, gwargwadon yadda ta zaɓin take rinjaye. Saboda haka a bariki ba abin mamaki ba ne ka ga yaro sa'an ɗanka ya fito daga makarantar hafsoshi da galo ɗaya a kafaɗa, kai da furfurarka ka ƙame ka sara masa.

Na taɓa samun irin wannan ƙaramin hafsa a arewa, wajen Dirku. Za mu fita sintiri na kwana uku, ya zauna ya lissafa ruwan sha a takarda daidai da yadda aka koya masa, lissafin kuma babu kuskure a cikinsa. Na jira sai da yara suka watse, na matsa kusa da shi na ce: "Ranka ya daɗe, ita ma motar tana shan ruwa." Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ba da umarni a ƙara jarka shida, da muryarsa, a matsayin shawararsa. A rana ta biyu tankin ruwan wata mota ya tsage. Har yau yaran nan suna yabon hangen nesansa, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Na riga shi barci, na riga shi tashi, amma tashin nawa don in tashe shi ne kafin rana ta take. Yau shi kanar ne, kuma duk sallah sai ya kira ni.

Mai Lissafi:
Baba Ajidan, labarinka ya taɓa ni, sai dai akwai abin da kowa ya tsallake. Gyaran mota sana'a ce, shugabancin masu gyaran mota wata sana'a ce dabam: odar kayan gyara, jadawalin motoci, rahoton wata, da sasanta direba da bakanike. A 1969 wani malamin ƙasar Kanada, Laurence Peter, ya bayyana cewa a ma'aikatu ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi kujerar da bai iya ba, a nan kuma yake maƙalewa. Idan aka ba dattijon nan ofis, wataƙila garejin ya rasa kunnen da ya fi kowane jin inji, ya sami shugaban da ke gumi a gaban kwamfuta. Kuskuren kamfanin a ganina shi ne tsani ɗaya kawai ya kafa. Da an yi wa gwanaye nasu matakin, da albashinsa da mutuncinsa, da ba a kai ga jifa da karin magana ba.

Ɗalibin Tarihi:
A ƙara da wannan, sojan Amurka ya juya karin maganar ne gaba ɗaya. A dokarsu ta 1980, hafsan da aka tsallake sau biyu a wasu matakai dole ya bar aiki, wato wanda ya riga ka shiga shi zai riga ka fita. Amma kada a manta Eisenhower, janar ɗin Amurka da ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya yi kusan shekara 16 yana manjo, bai zama cikakken kanar ba sai 1941, kuma kafin ƙarshen 1944 ya kai tauraro biyar. Wanda ya gan shi a shekarun jiran nan zai ce barci yake yi.

Jikar Hajiya ta Birni:
Iyayena, ku yi mini haƙuri in shigo da tsohuwa cikin zancen soja. Kakata, Allah ya jiƙanta, matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a cikin Birni, tsohon garin Damagaram, kuma gidanta ba ya rabuwa da ƴammata huɗu ko biyar masu taya ta aiki. Babbar cikinsu, wadda muke kira Yaya Babba, ta shekara tara a gidan, kuma ta kai matsayin da daga ɗaki take jin ƙanshin gyaɗa ta ce a sauke, ta soyu. A shekarar farin 1984 aka kawo wata yarinya daga wajen Mirya, siririya, ba ta iya ko riƙe muciya ba, amma Allah ya ba ta kai. Ba ta san baƙi ba, sai dai duk bashin da masu tsire da masu tebur na kasuwar Dole suka ci, tana riƙe da shi a ka, har da ranar da aka ci. Gyaɗa ta yi tsada a shekarar, kowace dala abin lura ce, saboda haka kakata ta kwance lalitar kuɗi daga ƙugunta ta ɗaura wa yarinyar a gaban kowa.

Yaya Babba ba ta ce uffan ba. Ta gama aikin ranar, ta wanke hannu, ta tsaya a bakin zaure ta faɗi wannan karin magana da muke tattaunawa, ta tafi gidansu. Kakata ba ta aika a kira ta ba. Washegari ta ce wa mai lalitar, tun da ke ce babba yanzu, sai ki soya. Yarinyar ta ƙona tiya huɗu ta gyaɗa, hayaƙi ya cika gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga, ƙulin ya fito baƙi ƙirin da ɗaci, ko awaki sai da suka yi shawara kafin su ci. Kakata ta sa ta lissafa asarar da bakinta, dala bayan dala. Da ta gama, sai ta ce mata: "To, ɗauki goro, ki je ki durƙusa ki dawo mini da yayarki, kuma kada ki cire lalitar."

Haka ta je da lalitar a ƙugu, ta durƙusa. Yaya Babba ta dawo, kuma daga ranar aka raba mulki: wuta da turmi nata ne, ko kakata ba ta sa mata baki, kuɗi da bashi kuma na ƙaramar. Mahaifiyata ta ce sun yi wata uku ba sa cin abinci a kwano ɗaya, daga baya suka zama kamar hanta da jini. Idan wani ya kawo wa kakata wannan karin magana, amsarta kullum ita ce: wanda ya riga ka barci, idan hantsi ya yi bai tashi ba, a je a taɓa shi a gani ko da rai.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai in faɗi ƙarshen. Da kakata za ta tafi aikin hajji, kowa ya zuba ido ya ga wa za a bar wa gidan, mai wuta ko mai lalita. Sai ta bar shi a hannun autarta, gwaggona, wadda ba ta taɓa soya gyaɗa ba, lissafinta kuma bai wuce na kuɗin lalle ba.

Na Bakin Tasha:
Hajiya, ashe kakarki ta cancanci kujerar minista! Wannan ai shi ne ainihin tsarin da muka sani: a sa masu iyawa biyu su yi ta kokawa, idan ƙura ta lafa a miƙa wa ɗan gida. Akwai wani babban mutum da ba zan kama suna ba, wanda ya riga kowa barci a zauren majalisa, har kyamara ta sha ɗaukarsa, kuma wallahi ya riga kowa tashi duk ranar da ake rabon motoci.

Baban Hadiza:
Kai dai ba ka rabuwa da tsokana. Ni wanda na sani tun ina saurayi yake cewa matasa ne manyan gobe, yanzu jikokina yake faɗa wa haka, goben kuma ta ƙi wayewa. Duk da haka ban janye maganata ba. Labarin Hajiya ma ni ya goya wa baya, tun da sai da aka je aka durƙusa wa babbar.

Malam na Zango:
Alhaji, an durƙusa mata, amma lalitar ba ta koma hannunta ba. Ni labarin ya goya wa baya.

Ɗalibin Tarihi:
Iyayena, fadarmu ta Damagaram ma ta ga irin wannan. Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kuma aka ƙera igwa a zamaninsa, ya jingina ƙarfinsa a kan bayin sarki masu bindiga, mutanen da ba gadon sarauta ya kai su inda suka kai ba. Wannan ɗagawa ce daga cikin gida, ta wanda ya ga aikin mutum da idonsa. Amma a 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari, kuma sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923. Abin da nake so in tambayi Ɗan Sabon Gari shi ne, wanda ya sa hannu a takardar nan ta Yamai, ya taɓa shiga garejinku kuwa?

Tsohon Ajidan:
Tambayar ta yi kyau, amma ni abin da ya dame ni shi ne shayin. Shugaban da ke tsoron kofin mutanensa ba zai iya ba su umarni ba. Ɗana, ka gaya masa gobe ya je ya zauna kusa da dattijon, ya karɓi kofi daga hannunsa, ya tambaye shi wace mota ce ba za ta kai Agadas ba a wannan makon.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode, iyayena. Wanda ya sa hannu ya zo sau ɗaya bara, bai fi rabin awa ba. Na isar da saƙon Baba Ajidan, kuma matashin ya je da safen nan. Dattijon ya zuba masa shayi, ya nuna masa wata babbar mota ya ce kada a bar ta ta fita, sannan ya sake maimaita masa karin maganar, wannan karon yana murmushi. Yanzu direbobi sun kasu biyu a kan ma'anar murmushin. Hajiya, don Allah, da kakarki ta dawo daga Makka, a wane hali ta tarar da gidan?

Jikar Hajiya ta Birni:
Ta tarar da shi lafiya lau, ƙanena, har da riba. Gwaggona ta kwashe kwanakin nan tana barci a ɗakin kakata da makulli a ƙarƙashin matashi, su biyun kuma suka ci gaba da aikinsu ba tare da sun tashe ta ba.